Saitin Ƙafafun Mota: Yadda Ake Yin Sa Daidai da Abin da Mai Mota Zai Sa wa Ido

Gabatarwa

Kasuwar Kantin Kwari da ke Ƙaramar Hukumar Fagge tana daga cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma. Kowace safiya motoci kan nufo ta daga Bichi da Gwarzo da Wudil da Ɗambatta da Rano, har da na Maraɗi da Damagaram. Da yawansu sukan shigo ba nauyi, su koma da yamma maƙare da dilolin atamfa da shadda da leshi, ga kuma fasinja a kai. Tun da an riga an shigo birni, direbobi da masu motoci sukan yi amfani da damar su leƙa shagunan taya da garejin da ke Fagge da Sabon Gari, a sauya taya, a kuma yi wa mota abin da masu gareji ke kira alayimen, wato saitin ƙafa.

Mun lura cewa mutane da dama suna ɗaukar wannan aiki a matsayin ɗan taɓe-taɓe na minti goma, wanda ake yi kafin 'yan dako su gama lodi. Haƙiƙa kuwa aiki ne na awo, mai tsari da matakai, kuma shi ne na ƙarshe a jerin gyaran ƙafar mota. Idan aka yi shi a kan ƙafar da ta lalace, kuɗi sun tafi a banza, lalacewar kuma tana nan tana jiran ranar da mota ke gudu da kaya. Manufarmu a wannan bayani ita ce mai mota, ko da bai taɓa riƙe sifana ba, ya iya tsayawa a kan aikin ya gane ko an yi masa daidai.

Abin da ke ɗauke da mota a kan titi wuri huɗu ne kacal, kowannensu bai fi faɗin tafin hannu ba. Ta nan ne sitiyari da birki ke aiki. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka ƙaramin kuskure a zaman taya ba ƙarami ba ne a kan hanya.

Mene ne saitin ƙafa?

Saitin ƙafa shi ne a mayar da kowace taya kan zaman da kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade mata. Ba tayar kanta ake gyarawa ba. Ƙarafunan da ke riƙe da ita ake matsarwa, har sai ta fuskanci inda ya kamata, ta kuma taka ƙasa da dukkan faɗinta. Abubuwa uku ake aunawa.

Na farko shi ne fuskar taya, wanda makanikai ke kira to-in ko to-awut. Idan mutum ya tsaya ya dubi ƙafafunsa, yatsun na iya kallon juna ko su buɗe waje. Haka tayoyin gaba suke idan aka dube su daga sama. A yawancin motoci ana son su kusan miƙe, bambancin bai wuce 'yan milimita ba. Wannan awo shi ne ya fi saurin cin taya idan ya goce. Ga lissafinsa: tayar da ta kauce da rabin digiri daga layin tafiya tamkar ana jan ta ne a kaikaice na kusan mita 9 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Wudil, tafiyar kimanin kilomita 40, an goga ta a kwalta fiye da mita 300 ke nan, zuwa kawai ban da dawowa. Rabin digiri kuwa ido ba ya iya ganinsa.

Na biyu shi ne jinginar taya, wato kamba. Idan aka tsaya a gaban mota, za a ga kan taya ya ɗan jingina ciki ko waje. Kamfanoni sukan bar ɗan jingine kaɗan, galibi bai kai digiri ɗaya ko biyu ba, domin taya ta riƙe ƙasa a kwana. Idan ya yi yawa, nauyi yakan koma gefe guda, tayar ta cinye ta wannan gefen kamar dunduniyar takalmin mai takawa a karkace. Idan kuma jinginar dama ta bambanta da ta hagu, mota takan riƙa janyewa gefe ɗaya.

Na uku shi ne kasta. Wanda ya san keke ko babur ya ga yadda ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya kwanta baya kaɗan, bai tsaya ƙyam ba. Wannan kwanciyar ce ke sa keke ya miƙe da kansa. Mota ma tana da irinta, kuma ita ce ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana, ta kuma hana mota yawo a miƙaƙƙiyar hanya.

Bugu da ƙari, tayoyin baya su ma suna da nasu zaman, kuma su ne ke nuna inda jikin mota zai dosa. Idan suka karkace, sai a ga mota daga baya tana tafiya a kaikaice, direba kuma yana riƙe da sitiyari a murɗe domin ta tafi sak. Shi ya sa cikakken awo na ƙafa huɗu ne.

Me ya sa saiti ke gocewa a hanyoyinmu?

Babban dalili shi ne duka. Faɗawa rami da gudu, hawa bakin kwalbati ko dutsen gefen titi wajen neman wurin tsayawa a cunkoson titin Ibrahim Taiwo da na IBB, da tsallake tudun rage gudu ba tare da an sassauta ba, duk suna iya lanƙwasa ƙarfe ko su sassauta haɗi. Da damina abin yakan ƙaru, musamman a watan Agusta da ruwa ya fi yawa, domin ruwan da ya kwanta a titi yana ɓoye rami. Waɗanda suka ga ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 sun san yadda titi da lambatu kan zama abu ɗaya a irin wannan rana. Da rani kuma hanyoyin burji masu gargada sukan girgiza ƙafar mota, ƙura ta shiga duk robar da ta yage ta cinye haɗin da ke ciki.

Dalili na biyu shi ne lodi. An ƙera kowace mota da tsayin da za ta zauna a kansa, kuma a wannan tsayin ne awon nan uku ke zama daidai. Idan aka danna mata diloli har bayanta ya zauna, tayoyin baya a ƙananan motoci da yawa sukan buɗe ta ƙasa, gaban kuma ya ɗaga, sitiyari ya yi sakayau a hannu. A wannan hali saitin da aka biya kuɗi aka yi da safe ba shi ne ke aiki da yamma ba. Idan aka saba yin haka, sifirin yakan gaji ya kasa komawa tsayinsa, motar ta zauna a karkace ko da babu kaya.

Taya ma tana da iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma an rubuta shi a jikinta. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lambar 91 tana nufin kilo 615 ga taya guda. Lambar 82 na nufin kilo 475, lambar 100 kuma kilo 800. Jimillar nauyin da motar kanta za ta iya ɗauka yana rubuce a ɗan allon da ke jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Babu saitin da zai ceci motar da aka wuce da ita wannan iyaka.

Alamomin da direba zai lura da su

Mota takan faɗi ciwonta ta hanyoyi biyu, ta hannun direba da ta jikin taya.

A hannu, za a ji tana janyewa gefe ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, ko a ga sitiyari a karkace alhali ana tafiya sak, ko ya ƙi dawowa tsakiya bayan kwana, ko kuma mota ta riƙa yawo sai an yi ta gyara ta. A nan akwai abin lura. Tun daga ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ke tuƙi a hannun dama, kuma ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangare gefe. Saboda haka lafiyayyar mota ma tana iya zamewa dama a hankali. Abin damuwa shi ne janyewar da ke sa hannu ya gaji da riƙo. Idan kuwa sai an taka birki ne take fizga gefe, to a fara duba birki.

A jikin taya, ga yadda ake karanta cinyewa:

1. Idan tsakiya ce ta cinye, gefuna suna nan, iska ce ta yi yawa.
2. Idan gefuna biyu suka cinye, tsakiya tana nan, iska ce ta yi kaɗan, ko lodi ya yi yawa.
3. Idan gefe ɗaya kaɗai ya cinye, na ciki ko na waje, a tuhumi jingina ko fuskar taya.
4. Idan aka shafa hannu a faɗin taya aka ji santsi ta wannan ɓangare, kaifi ta wancan kamar haƙoran zarto, fuskar taya ce ta goce.
5. Idan cinyewar ramuka-ramuka ce a kewaye, shokazoba ta mutu ko taya ba ta da balansin.

Muna jan hankali musamman a kan gefen ciki, domin ba a ganinsa daga tsaye. Taya takan yi kyau ta waje alhali waya ta fito ta ciki. A murɗa sitiyari har ƙarshe, a tsuguna a duba, aƙalla sau ɗaya a mako ga motar haya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai faci zai iya yi. A musanya tayoyin gaba biyu, ta dama ta koma hagu. Idan janyewar ta sauya gefe, laifin taya ne, saiti ba zai magance shi ba. Sai dai tayar da ke da alamar kibiya a jikinta ba a juya mata hannu.

Saiti daban, balansin daban

Mutane da yawa sukan haɗa su, alhali kowanne da ciwon da yake magani. Balansin shi ne daidaita nauyin taya da wilinta a kewaye, ta hanyar juya ta a kan na'ura da liƙa ƙananan ƙarafa masu nauyin 'yan giram. Alamar rashinsa ita ce karkarwar sitiyari, galibi tsakanin gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa. Wanda sitiyarinsa ke rawa ya je aka yi masa saiti kawai, zai fito da rawarsa. Duk lokacin da aka sa sabuwar taya ana bukatar balansin, sannan a auna saiti.

Abin da za a duba kafin a taɓa saiti

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne tushen aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo sarin kaya ya fara kai mota gareji da safe tana fanko, ya ba aikin lokacinsa, sannan a yi lodi. Ba a auna mota da diloli a cikinta.

Da farko iska. A sa wa kowace taya adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, a kuma auna da ma'auni lokacin da tayar ta huce. Lambar da ke jikin taya iyaka ce ta ƙarshe, ba ita ce adadin da ake tafiya da shi ba. Buga taya da ƙarfe a saurari ƙara ba awo ba ne.

Sai tayoyin kansu. Biyun da ke layi ɗaya, na gaba ko na baya, su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. A cikin zanen taya akwai ƙananan tudu da kamfani ya sa a tsayin milimita 1.6. Idan zane ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. A duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lambar 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin cewa kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara 4 daga ranar ƙera ta. Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara ƙwarai da na waje, tsofaffin tayoyin da ake kira Beljiyam suka samu shiga, duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su. Araha ba ta ado. Tayar da ta kumbura a gefe ko ta tsattsage, a ajiye ta, kada a ɓata kuɗin saiti a kanta.

Sai ƙafar. A ɗaga mota, a tokare ta da ƙarfen tokara. Bakanike ya kama taya ta dama da hagu ya girgiza: idan akwai wasa, tayarod ne ko rak na sitiyari. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza: idan akwai wasa, boljoyin ne ko boris. Ya sa ƙarfe ya gwada bushin, ya duba ko shokazoba na yoyon mai, ko sifirin ya karye, ko wili ya lanƙwashe. A motocin da ke da sifirin mai falle-falle a baya, irin su Hilux da Hiace, a duba ƙusar tsakiya da ke riƙe fallayen, domin idan ta karye aksul yakan zame, mota ta riƙa tafiya a kaikaice. Mai mota ya nemi a nuna masa wasan da idonsa, ya sa hannunsa ya ji. Duk abin da ke wasa sai an sauya shi tukuna, domin na'ura tana auna mota a tsaye ne, da ta hau titi kuwa abin da ke wasa zai koma inda yake so.

Yadda ake aikin a gareji

Mai mota yana da haƙƙin ganin waɗannan matakai:

1. Mota ta hau dandamali ko rami mai shimfiɗaɗɗen daɓe da bai karkace ba, nauyinta a kan tayoyinta, na gaba a kan faifan da ke juyawa. Ba a yin saiti mota tana rataye a kan jak.
2. A zaɓi sunan motar da samfurinta da shekararta a kwamfuta. Awon Golf ba na Sharon ba ne, na Corolla ba na Hilux ba ne. A dubi allon a tabbatar.
3. A maƙala na'urorin awo a wili huɗu, a ɗan tura motar gaba da baya ko a juya tayoyin, domin na'ura ta cire kuskuren wili daga lissafinta.
4. A danne birki, a murɗa sitiyari dama da hagu domin auna kasta, sannan a tsayar da shi daidai tsakiya a kafe shi.
5. A nuna wa mai mota awon farko kafin a kwance komai. A yawancin na'urori ja na nufin an fita daga iyaka, kore na nufin ana ciki.
6. A fara da baya idan motar tana da wurin gyara a can, sannan kasta da kamba na gaba, fuskar taya ta zo a ƙarshe, domin taɓa waɗancan yana sauya ta.
7. A murɗa tayarod na dama da na hagu duka biyu. Idan aka ɗora gyaran a gefe ɗaya, sitiyari zai zauna a karkace, kwanar dama da ta hagu su bambanta.
8. A ɗaure notin kulle na kowane tayarod sosai, a tabbata robar rak ba ta murɗe ba, kuma zaren da ya shiga ciki ya wadatar.
9. A sake karanta awo bayan ɗauri, a ba mai mota takarda mai nuna na farko da na ƙarshe. Idan babu injin bugawa, a ɗauki hoton allon da waya.
10. A fita gwaji a kan titi tare da mai mota kafin a biya.

A ƙananan motoci da yawa fuskar taya kaɗai kamfani ya bar wa wurin gyara. Idan kamba ko kasta suka nuna ja a irin wannan mota, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko sifirin ya zauna, kuma bakanike na gari zai faɗi haka a fili. Har ila yau, sababbin motoci masu na'urar hana zamewa suna da ma'aunin juyin sitiyari da ake sake saitawa da kwamfuta bayan aikin. Idan an sauya bushin, a ɗaure ƙusoshinsa bayan mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Notin taya kuma a ɗaure su a tsallake, ɗaya da na daura da shi, a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Dabarun da ya kamata a ƙi

Akwai wasu dabaru da ke sa mota ta miƙe a yau ta jefa mutane a rami gobe. Muna kira ga masu motoci da kada su yarda da ko ɗaya daga ciki.

Kada a gasa tayarod ko hannun ƙafa da wutar walda domin a miƙe shi. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfin da aka ƙera shi da shi, kuma ba ya sanarwa kafin ya karye. Kada a cusa leda ko roba a cikin boljoyin da ya saki, ko a bubbuge shi da guduma domin ya daina ƙara. Motocin da muke gani a bakin hanya tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashinsu, sau da yawa boljoyin ne ya fita. A cikin gari abin ya tsaya ga jan mota, a hanyar Zariya ko ta Katsina kuwa magana ce ta rai.

Kada a rage iskar taya ɗaya domin a ɓoye janyewa. Kada a cire sitiyari a mayar da shi a miƙe domin a rufe karkata, musamman a motar da ke da jakar iska, domin wayar da ke naɗe a bayansa tana iya tsinkewa. Kada a ƙara fallen sifirin da nufin ɗaukar lodin da ya wuce ƙima, domin birki da taya da boris suna nan a yadda aka ƙera su. Wajen sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, a tafi da tsohon domin a gwada, kuma a abin da ya shafi sitiyari a fifita sabo mai inganci a kan kwance.

Tsaron mai aikin ma yana wuyan mai mota. Kada wani yaron gareji ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka tokare da bulo. A ja birkin hannu, a sa waigi a taya, a kashe inji.

Idan babu na'ura a kusa

Mun san cewa ba kowane gari ke da garejin kwamfuta ba. Bakaniken da ya sauya tayarod a ƙauye yana iya daidaita fuskar taya da zare da tef, kuma hanya ce ingantacciya idan aka yi ta da natsuwa: daɓe mai laushi da bai karkace ba, iska daidai, sitiyari a tsakiya, zare a miƙe a kowane gefe daidai da tsakiyar wili, a auna tazarar gaban wili da bayansa. Kafin a cire tsohon tayarod a ƙirga zagayen da ya yi, a mayar da sabo da adadin. Wannan zai kai mota birni lafiya a gudu matsakaici. Amma zare ba ya auna kasta, saboda haka a kammala awon a kan na'ura a shigowa ta gaba.

Game da lokaci, a auna saiti duk sanda aka sa sababbin tayoyi, ko aka sauya wani abu a ƙafa ko sitiyari, ko aka daki rami da ƙarfi, ko aka ga ɗaya daga alamomin da muka ambata. Ko babu alama, sau ɗaya a shekara ya dace, ƙarshen damina ya fi. Motar haya da ke bin burji kullum tana bukatar fiye da haka.

Ga jami'an ƙananan hukumomi da shugabannin tasha

Ƙananan hukumomi 44 na jihar nan suna da motocin aiki da na ɗaukar marasa lafiya, waɗanda ke bin mafi wuyar hanyoyi, sau da yawa da dare. Muna ba jami'an da ke kula da su shawarar a buɗe wa kowace mota littafi, a riƙa rubuta ranar sa taya, da lambar shekararta, da adadin kilomita, da ranar saiti. Kada a biya kuɗin saiti sai da takardar awo mai ɗauke da lambar motar. Idan tayar da aka saya ta cinye gefe ɗaya cikin 'yan watanni, a binciki ƙafa kafin a amince da sayen wata. Direba kuma a ba shi damar kawo ƙorafi a rubuce, kada a tilasta masa fita da motar da ya ce tana janyewa.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi. Tayar da ake ja a kaikaice inji ne ke biyan kuɗin gogarta, don haka saiti mai kyau yana rage kashe kuɗi ta fuska biyu, taya da mai.

Sassan ayyuka na ƙananan hukumomi suna da nasu rabon. Cike rami tun yana ƙarami, rufe kwalbatin da murfinsa ya karye, da hana jama'a gina tudun rage gudu barkatai ba fenti ba alama, duk kariya ce ga ƙafafun motocin yankin. Shugabannin tasha kuma su sa ido a kan lodi tun kafin mota ta tashi, kada a bari sai jami'an FRSC ko na VIO ko na KAROTA, wadda aka kafa a 2012, sun tare ta a hanya. Dokar hanya ta ƙayyade wa tasi da bas gudun kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya, kuma wannan ƙa'ida ta lafiyayyar mota ce. Idan haɗari ya auku, lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wasu dalilan sun fi ƙarfin direba, amma zaman tayoyinsa yana hannunsa. Wanda zai shigo Kwari sari ya tuna da jerin: a sauke kaya, a daidaita iska, a duba taya, a girgiza ƙafa a sauya abin da ke wasa, sannan a auna, a ɗaure, a karɓi takarda, a gwada a titi. Bayan haka a yi lodi gwargwadon abin da ke rubuce a jikin ƙofa, abin da ya rage a ba wata motar.